Rann, 17 ga Janairu: wa ke tuna 'yan agajin da suka mutu a bakin aiki?

Dan_Gwange:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekaranjiya 15 ga wata aka yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya kamar yadda aka saba duk shekara. An ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, an saki tantabaru, an busa begila. Ba ni da ja a kan wannan, sojojinmu sun cancanta.

Amma yau 17 ga Janairu. A rana irin ta yau a 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya saki bama-bamai biyu a kan 'yan gudun hijira a Rann, hedikwatar ƙaramar hukumar Kala Balge a jihar Borno. Cikin waɗanda suka rasu akwai 'yan agajin Red Cross ta Najeriya su shida, wasu 13 suka ji rauni. Abinci suka je kai wa mutum sama da 25,000 da yaƙi ya raba da gidajensu. Tun safe rediyona a kunne take, ban ji an ambace su ba.

Tambayata ita ce, me ya sa mai riƙe da bindiga yake da ranar tunawa, amma mai ɗaure rauni da mai ɗaukar gawa ba su da ita? Mu nemi a ware musu rana ne, ko akwai abin da ya fi wannan amfani?

Ummu_Aiman:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya sa aikin da suka mutu a kansa ya zama hujja gare su ranar gobe.

Bakatsine77:
Amin. Mutum nawa ne ma suka rasu gaba ɗaya? Ni 52 na riƙe.

Nas_Din_Dare:
Bakatsine77, 52 ɗin shi ne adadin farko da ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar a ranar, da masu rauni 120. Bayan 'yan kwanaki suka ce mamatan sun kai wajen 90. Shugaban ƙaramar hukumar Kala Balge ya ce an binne 234 a garin, biyu kuma suka cika a asibiti a Maiduguri, 236 ke nan. Rundunar soja ta ce 112. Ka ga tun daga ƙidayar mamatan ma ba a zama baki ɗaya ba.

Kuma Yaya Dan_Gwange, a ƙara da mutum uku ma'aikatan wani kamfanin Kamaru da MSF ta ɗauka aikin ruwa da banɗakuna. Su ma sun mutu a wurin. Ma'aikatan agaji tara ke nan.

Ina aiki a Maiduguri lokacin. Rann ba wurin da za ka ce a turo motar asibiti ba ne, da jirage masu saukar ungulu aka riƙa kwaso masu raunin, kuma ba kowa ya samu shiga a ranar farko ba. Waɗanda suka kwana a can, 'yan agajin da suka tsira ne suka kwana a kansu, alhali gawawwakin abokan aikinsu na kwance a gefe. Da masu raunin suka iso mana, yawancinsu mata ne da ƙananan yara, ƙuna da karaya da ɓaraguzan ƙarfe a jiki. Akwai yarinyar da muka kwana muna tambaya ko akwai wanda ya san iyayenta, ba ta jin Hausa, ba ta jin Kanuri, sai da aka samo wata mai shara da ke jin Shuwa. Har yau in na ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu da rana tsaka sai gabana ya faɗi.

Ummu_Aiman:
Subhanallah. Allah ya saka miki da alheri Anti Nas. Ke ma kina cikin waɗanda ake magana a kansu.

Malam_Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Ɗan'uwa Dan_Gwange, niyyarka kyakkyawa ce, amma ina da gyara. Ajiye fure da yin shiru na minti ɗaya ba ya isa ga mamaci da komai. Abin da ke isa gare shi addu'a ce, da sadaka, da biya masa bashi, da riƙe masa abin da ya bari. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai riƙon maraya za su kasance a Aljanna. In aka ware rana, abin da zai faru shi ne a kashe miliyoyi a rumfuna da kujeru da jawabai, matar mamacin tana gida ba ta da kuɗin makarantar yara. Ni ban goyi bayan a ƙara mana wani biki ba.

Yar_Malumfashi:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da kai a kan fure. Amma ta yaya za mu riƙe marayan mutumin da ba mu san sunansa ba? A nan zauren, mu duka, wa zai iya jero sunayen shidan nan? In ba a rubuta ba, ba a maimaita ba, nan da shekara goma ko 'ya'yansu sai sun yi rantsuwa kafin a yarda ubansu ya mutu a bakin aiki. Kuma ai kai ka karantar da mu cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ambaton suna godiya ce.

Malam_Tsangaya:
Hadisin ingantacce ne 'yata. Rubuta suna da adana tarihi ba abin ƙi ba ne, malaman sira sun rubuta sunayen waɗanda suka yi shahada a Uhudu ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake gudu shi ne shagali da sunan mamata.

Tsohon_Soja_82:
Yarana, ku bar ni in ce wani abu, don na ga maganar tana neman ta koma soja a gefe ɗaya, ɗan agaji a gefe ɗaya. Ba haka abin yake a fili ba. Bam ɗin nan ya taɓa sojoji ma. Manjo Janar Lucky Irabor, wanda ke jagorantar rundunar Lafiya Dole a lokacin, shi da bakinsa ya fito a ranar ya ce kuskure ne, bai ɓoye ba. Kwana biyu bayan nan, ranar 19 ga wata, 'yan Boko Haram suka afka wa Rann ana cikin makoki, sojojin da ke wurin ne suka tare su. Matuƙin jirgi wurin da aka ba shi yake bi. Ban san yadda yaron nan yake barci ba har yau. Kada tuna wasu ya zama zagin wasu.

Dan_Gwange:
Baba, girmanka ne, kuma ban zagi soja ba, na faɗa tun farko sun cancanci ranarsu. Amma hedikwatar tsaro da ta fitar da sakamakon bincikenta a watan Yulin 2017 cewa ta yi ba a sanya wa wurin alamar da ta dace a taswira ba. Wannan ne ya kasa shiga kaina. Gari ne da sojoji ke gadi, ƙungiyoyin agaji na sauka da izininsu. Human Rights Watch ta duba hotunan tauraron ɗan'adam ta ce tantunan ana ganinsu sarai daga sama. Bam na farko ya faɗi wajen sha biyu da rabi na rana, jirgin ya kewayo ya saki na biyu bayan 'yan mintuna. Wa ke da alhakin taswirar? An hukunta shi? Ni a ganina girmama mamatan nan yana farawa ne daga amsa wannan.

Bakatsine77:
Da an amsa ta, da wataƙila ba a yi Tudun Biri ba. Ranar 3 ga Disambar 2023, masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an kashe 85. Shi ma sau biyu aka saki, na biyun ya samu waɗanda suka rugo ceton na farko. Waɗannan su ma 'yan agaji ne, ko da ba su da riga.

Sarkin_Zaure:
Jama'a a riƙe harshe. An yarda a faɗi abin da ya faru, ba a yarda da zagin wata runduna ko jam'iyya ba. A ci gaba.

Hajiya_Bulumkutu:
Ni in aka ce Rann, ba bam ɗin ne ke fara zuwa raina ba, 'yan matan nan ne. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. Ungozomomi ne masu aiki da ICRC, kwamitin Red Cross na duniya. Saifura shekararta 25, tana da 'ya'ya biyu. Hauwa 24, tana karatu a Jami'ar Maiduguri. Ku duba fa, bayan abin da ya faru a 2017, kowa ya san mene ne Rann. Garin da in damina ta sauka ruwa ke yanke shi daga ko'ina, ba hanya, ga 'yan bindiga a daji. Sun sani, suka tafi, saboda akwai dubban mata a can da ke haihuwa a ƙasa ba mai karɓa.

Ni uwa ce. Na yi naƙudar da ta kusa tafiya da raina, wata yarinya ungozoma sa'ar ƙanwata ce ta tsaya a kaina har gari ya waye. Don haka na san abin da zuwan irin su Hauwa yake nufi ga matar da ke cikin tanti. Ba albashi ne zai kai 'yar mutum can ba. Akwai aiki a Maiduguri.

Da 'yan bindiga suka sace su a 2018, ICRC ta fito fili ta roƙi waɗanda suka kama su, abin da ba ta cika yi ba. Iyaye sun roƙa, malamai sun roƙa. Aka kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a tsakiyar Oktoba. Musulmi ne, masu sallah, kuma masu kisan suna cewa addini suke yi wa aiki. Ranar da aka sanar da mutuwar Hauwa ban iya ɗora tukunya ba.

Malam_Tsangaya, ba biki nake so ba. So nake duk yarinyar da ta shiga makarantar ungozoma a arewacin nan ta ji sunayen nan biyu tun a ajin farko.

Sadiq_Kd:
Allah sarki. Su ma a bam ɗin jirgin suka rasu?

Nas_Din_Dare:
A'a ƙanina, abubuwa biyu ne daban. Bam ɗin jirgi Janairun 2017. Su kuma an sace su ne a harin da aka kai Rann ranar 1 ga Maris 2018, ɓangaren Boko Haram da ake kira ISWAP ne suka kai shi. A wannan harin an kashe likita ɗaya mai aiki da UNICEF da ma'aikatan hukumar kula da masu ƙaura ta IOM biyu, da jami'an tsaro. Mata uku aka tafi da su, ta ukun ita ce Alice Loksha, nas. Ita Allah ya yi mata tsawon kwana, ta kuɓuta a ƙarshen 2024 bayan sama da shekara shida.

Dan_Zinder:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ciwon ɗaya ne. Mu nan ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, dajin raƙuman dawa kusa da Yamai. Shida Faransawa ne ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, biyu 'yan Nijar, direba da ɗan jagora. Da aka kai gawar shidan Faransa, firaministansu da kansa ya je filin jirgi ya tarbe su, aka kira sunan kowa, aka faɗi karatunsa da aikinsa. Namu biyun yawancin labarai cewa suke "da 'yan Nijar biyu". Ban ga laifin Faransawa ba, nasu suka girmama. Mu ne ya kamata mu ɗaga namu.

Kuma game da tambayar Dan_Gwange, ai akwai rana. 19 ga Agusta ita ce ranar ma'aikatan jinƙai ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta saboda bam ɗin da aka kai wa ofishinta a Bagadaza a 2003, wanda ya kashe mutum 22 har da wakilinta Sergio Vieira de Mello.

Yar_Malumfashi:
Ikon Allah, 19 ga Agusta ce kuma ranar da Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta rasu a Legas a 2014. Ita ce ta hana Patrick Sawyer, mutumin Laberiya da ya shigo da Ebola, fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta mutu, da wasu abokan aikinta, cikinsu har da nas Justina Ejelonu. Cutar ta tsaya a mutum 20, takwas suka mutu, a Oktoba hukumar lafiya ta duniya ta ce Najeriya ta fita. Ku yi tunanin da mutumin nan ya shiga tasha ya hau motar Kano. Amma lambar girma ta ƙasa sai a 2022 aka ba ta, bayan shekara takwas.

Dan_Gwange:
Dan_Zinder na gode. Sai dai ranar 19 ga Agustan nan a otal-otal na Abuja ake yin ta, da Turanci. Mutumin Rann bai san da ita ba.

Alhaji_Bronx:
Ni ɗan Kumasi ne, ina zaune a New York. Bari in ba ku abin da nake gani a nan, ba don in ce sun fi mu ba. Duk ranar 11 ga Satumba iyalai ke tsayawa su karanta sunayen waɗanda suka mutu a harin da aka kai da jiragen sama a 2001 ɗaya bayan ɗaya, kusan 3,000, yana ɗaukar awoyi. Cikinsu akwai 'yan kwana-kwana 343 da suka hau benayen nan mutane na saukowa. Sunayen an sassaƙa su a tagulla kewaye da inda gine-ginen suke. Kusan duk ofishin kashe gobara da ka wuce za ka ga allon nasu mutanen a bango.

Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka yi watanni suna tonon ɓaraguzan sun shaƙi ƙura mai guba, suka riƙa kamuwa da ciwon huhu da kansa. Sai da suka yi shekaru suna zarya a majalisa kafin a sa hannu a dokar kula da lafiyarsu a farkon 2011, aka sa mata sunan ɗan sanda James Zadroga da ya mutu a 2006. A 2023 adadin 'yan kwana-kwanan da ciwon ya kashe ya kamo 343 ɗin farko. To ko a nan karanta suna bai biya kuɗin asibiti ba, Malam yana da gaskiya a wannan. Sai dai da sunayen suka yi yaƙin.

Akwai kuma wani yaro Musulmi, Salman Hamdani, haifaffen Pakistan, mai shekara 23, ya koyi aikin ba da agajin gaggawa. Ya ga hayaƙi yana hanyar zuwa aiki ya nufi wurin. Da ya ɓace har zarginsa aka yi da hannu a harin. Sai a 2002 aka tabbatar da gawarsa a wurin. Mahaifiyarsa ce ta tsaya tsayin daka har aka wanke sunansa.

Dan_Kwana_Kwana:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ma'aikacin kashe gobara ne, ba zan faɗi jiha ba. Duk abin da kuka faɗa a kan mamata daidai ne. Amma ku taimake mu tun muna numfashi.

In aka kira mu, kafin a kira an riga an ɓata rabin awa ana gwada bokiti. Mu fito, jiniya na kuka, mai mota ba zai kauce ba, mai Keke ya sha gabanmu. Mu isa unguwa, an gina shago a kan lungu, an kafa rumfar biki a tsakiyar titi. Mu samu mu shiga, sai jifa. Wani abokin aikina dutse ya fasa masa goshi yana riƙe da mesa, bai saki ba har wutar ta mutu, sannan aka kai shi ɗinki. Takalmin da nake shiga wuta da shi da kuɗina na saya. Matata in ta ji an kira ni da dare, zama take a kan sallaya har in dawo. In na mutu gobe, ban damu da fure ba, so nake a biya ta haƙƙina ba tare da ta shekara tana yawo da fayil daga tebur zuwa tebur ba.

Sadiq_Kd:
Yallaɓai ka yi haƙuri, amma mutane ma suna da dalilin fushi. Gobara ta taɓa tashi a layinmu, motar ta zo, ba a jima ba aka ce ruwa ya ƙare. Muna kallo gida ya cinye.

Dan_Kwana_Kwana:
Allah ya mayar musu da alheri. Ƙanina, ba da rabin tanki muke zuwa ba. Tankin mota in aka buɗe mesa da ƙarfi 'yan mintuna ne ya ƙare. Yadda aka tsara aikin shi ne mota ta jona da famfon gobara na bakin titi ta ci gaba da ja. Ka zagaya unguwarku ka nemo min irin famfon nan guda ɗaya mai ruwa. Dole mu koma ɗebowa, kafin mu dawo an gama. Wanda bai sa famfon ba yana gidansa, mu da muka zo mu ake jifa.

Ummu_Aiman:
Wallahi ban taɓa sanin haka abin yake ba. Allah ya tsare ku, ya ba iyalanku haƙuri.

Kanuri_Boy:
Ku kuma tuna da waɗanda ba su da ofishi. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shanye Gwange da Fori da kasuwar Monday a Maiduguri, kafin manyan motocin soja da jiragen ruwan hukuma su iso ko'ina, masunta ne da samarin unguwa suka riƙa fito da tsofaffi a kwale-kwale da goyo. Kakata a bayan wani yaro ta fito, har yau ba mu san ɗan gidan waye ba.

Bakatsine77:
Amma an ce wasu masu kwale-kwalen kuɗi mai yawa suka riƙa karɓa kafin su ɗauki mutum.

Kanuri_Boy:
An yi haka, ba ƙarya ba ne. An kuma yi waɗanda suka wuni cikin ruwa ba su karɓi sisi ba. Na biyun nake magana.

Hajiya_Bulumkutu:
Haka ne ɗana. A kuma sa matan rigakafin shan inna tara da aka harbe a Kano ranar 8 ga Fabrairun 2013. Kuɗin da ake ba su a wuni bai kai na cefane ba. A 2020 da aka ce Afirka ta rabu da cutar, manya ne suka karɓi tafi.

Yar_Malumfashi:
Mu dawo kan tambayar Yaya Dan_Gwange kada ta ɓace. Ni shawarata ba sai mun jira Abuja ba. Gidajen rediyonmu na Hausa su ɗauki 17 ga Janairu, su nemi sunayen daga ofishin Red Cross na Borno da izinin iyalai, a karanta, a yi hira da waɗanda suka tsira. Limamai su yi musu addu'a a Juma'ar makon, coci-coci ma haka, don ba Musulmi kaɗai ke aikin nan ba. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Malam_Tsangaya:
Addu'a a masallaci ba mai hana ta. In kuma za a tara kuɗi, a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina ɗakin haihuwa a sa masa sunan Saifura ko Hauwa, ladan na gudana, sunan na nan. Allah ya ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, aya ta 32 a Suratul Ma'ida. Waɗannan bayin Allah sun yi aiki da ayar. Amma ɗaure abin da wata rana guda a shekara, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tsohon_Soja_82:
Ni kuma da za a ji tawa, da a faɗaɗa ranar 15 ga Janairun ta haɗa da duk wanda ya mutu yana ceton rai, soja da ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da jami'in kiyaye haɗurra da 'yan ƙato da gora da 'yan agaji. A fili tare muke mutuwa. Amma kada ku ɗauka ranar tana ciyar da kowa. Ku je ku tambayi matan abokaina da suka rasu.

Dan_Gambaru:
Na makara, yanzu na samu sabis. Ni ɗan Gamboru Ngala ne, muna da dangi a Kala Balge. Na ji daɗin zancen nan, amma akwai abin da ya tsaya min. Duk muna ta neman sunayen mutum shida ko tara, saboda suna da ƙungiya da ta rubuta su a takarda. Sauran fa? Matan da suke layin karɓar abinci, yaran da aka kawo allurar ƙyanda a ranar. A ramuka aka haɗa su. Bayan nan ma garin bai huta ba, a Janairun 2019 an sake afka masa sau biyu, aka ƙone gidaje, Amnesty ta ce an kashe aƙalla 60 a hari na biyu, dubbai suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Waɗanda suka san wa aka binne a 2017 sun warwatse, tsofaffin ciki suna ta mutuwa. In da gaske ake, bulamomi da lawanai za a zauna da su yanzu, gida gida, a rubuta. 'Yan agajin nan saboda mutanen nan suka je. Ba na jin za su so a kira nasu sunan a bar na waɗanda suka mutu tare da su.

Dan_Gwange:
Wannan magana ta shige ni, Dan_Gambaru. Kana ganin bulamomin za su yarda su yi magana?

Dan_Gambaru:
Wasu za su yarda in wanda suka sani ne ya je, ba baƙo da kyamara ba. Akwai tsoro har yanzu. Kuma sai da rani, in ruwa ya sauka ba hanya. Zan fara tuntuɓar kawuna in ji ta bakinsa.

Nas_Din_Dare:
In an fara ku sa ni. Akwai abokan aikina na wancan lokacin da za su tuna marasa lafiyar da suka riƙe. Kafin nan, mai lafiya a cikinku ya je asibiti mafi kusa ya ba da jini ba sai an yi haɗari ba. Ranar da aka kawo mutanen Rann, jini ne abin da muka fi nema.

Bakatsine77:
Ina goyon bayan rubuta sunaye da rijiyar Malam, zan sa nawa. Amma kada karo-karonmu ya sauke wa gwamnati nauyinta. Jirgin gwamnati ne ya saki bam ɗin, kisan kuskure kuma diyya gare shi, Malam_Tsangaya na nan ya gyara min in ba haka ba ne. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kala Balge a Maiduguri da Abuja su fito su faɗa wa jama'a nawa aka biya, wa aka ba, yaushe. Dan_Gambaru, in ka samu kawun naka ka haɗa da wannan tambayar.